Sule Ɗaya da Sisi

Na fi shekara takwas ina shan shayi a gindin wannan bangon ban san akwai rubutu a jikinsa ba. Bangon wani tsohon sito ne a Fagge, ginin bulo, an sha shafa masa farar ƙasa tana ɓarewa. Wata safiyar Agusta, bayan an kwana ana marka, na zauna a benci ina jiran a soya min ƙwai. Ɗaga kan da zan yi sai na ga bangon ya jiƙe sharkaf ya yi duhu, ga wasu manyan haruffa sun taso daga ƙarƙashin farar ƙasar, ga zanen kofi yana tururi, can ƙasa kuma an rubuta 1/6. Na zaro waya na ɗauka, ba don komai ba sai don abin ya ba ni mamaki.

Na tambayi mai shayin, wanda bai kai talatin ba, ya ce ai kwanan wata ne, ɗaya ga watan shida. Wani dattijo tela da ke gefe yana tsoma burodi ya yi dariya har sai da ya ƙware.

"Kai yaran nan! Wane irin watan shida? Sule ɗaya da sisi ke nan."

Na ce, "Baba, a yi mana bayani."

Ya ajiye kofi ya fara lissafi da yatsu: anini, ɗari, kwabo, ahu, taro, sisi, nai, sule, fataka, fam. Kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. Lambar da ke hagu da sandar sule ce, ta dama kwabbai. Tun da naira da kwabo suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 1973 babu mai sake rubuta farashi haka. Ke nan rubutun ya girme ni, ni da ake kira yaro ina da furfura a gemu.

Washegari na dawo da kyamarar aro, niyyata in ɗauka da kyau. Rana ta fito, bango ya bushe, babu kofi babu sule. Sai da na jira wani ruwan.

Daga nan cutar ta kama ni. Yau shekara shida ke nan duk hutun makaranta, da yake malanta nake yi, ina yawon neman tsofaffin bangaye da kantuna da gidajen mai da aka daina sayar da mai a cikinsu. Matata tana kiran abin farautar kufai.

Abu na farko da ya ɗaure min kai shi ne sanin shekarun rubutu. Masu rubutun allo na da ba sa sa kwanan wata, sai dai wani lokaci ka ga suna ƙarami a lungun bango. Dole na koyi karanta alamu kamar yadda dillalin shanu ke duba haƙori. Farashin fam da sule na nufin kafin 1973. Lambar tarho da ta fara da 064 ta Kano ce, 069 ta Zariya, 062 ta Kaduna, irin tarhon nan na girke, kuma galibi rubutun ya riga zuwan wayar salula a 2001. Idan ka ga WAI, wato shirin yaƙi da rashin ɗa'a, to 1984 ne ko 1985, zamanin Buhari da Idiagbon. Ga kuma alamun jam'iyyu: mabuɗi na PRP ne, gida da masara na NPN, tsakanin zaɓen 1979 da na 1983. Doki kuwa na SDP ne, farkon shekarun 1990. Akwai wata katanga a kan hanyar Katsina da na ga mabuɗi yana leƙowa ta ƙarƙashin doki, a kan dokin kuma an liƙa fastocin 'yan takarar bana, ga rubutun alli na masu rigakafin shan inna a ƙofar gidan. Siyasar shekara arba'in ce jibge a kan juna, kauri bai kai na farce ba.

Gidajen mai sun fi kowa sauƙin ganewa, don sunayensu sun yi ta sauyawa a bainar jama'a. Gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin BP a 1979, gidajen suka koma AP. Na Esso suka zama Unipetrol, daga baya Oando. Na taɓa tsayawa a wani mataccen gidan mai tsakanin Kwanar Ɗangora da Zariya, awaki na kwance inda famfo yake a da, masu faci sun kafa rumfa a gefe. Fentin sama ya ɓanɓare, ana ganin kala uku a jere kamar wainar da aka yanka. Mai facin ya ce min direbobin roka har yanzu da sunan farko suke kiran wurin, sunan da aka goge tun kafin a haife shi.

Wannan maganar ta mai faci ita ta juya min tunani. Ashe baki ya fi fenti riƙo. A Kano kowa ya san Bata, yaro ma zai ce wa mai adaidaita ya sauke shi a can, amma nawa ne suka san sunan kamfanin takalmi ne? A Zariya ana cewa PZ, wato Paterson Zochonis, ɗaya daga cikin kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC da CFAO da suka kafa kantuna kusa da layin dogo suna sayen gyaɗa da auduga da fata, suna sayar da atamfa da gishiri da kananzir. Kaduna na da shataletalen Leventis da na NEPA, alhali NEPA ta sauya suna tun 2005. Mil Tara a Kano da Milgoma a Zariya sun riƙe awon mil, ko da yake duwatsun bakin titi sun daɗe da komawa kilomita. Sai na fara tafiya da ɗan littafi. In na ɗauki bango, sai in rubuta yadda mutanen wurin ke kiransa, da abin da tsofaffi suka ce ana yi a ciki.

Batun haske kuwa, nan ne na fi ɓata lokaci, kuma nan ne na fi jin daɗi. Rubutun fenti da ya koɗe ba ya son rana. Tsakar rana tana wanke shi fes, ka ɗauka ka ga bango fari fat. Yana son inuwa, ko hadari, ko bayan ruwa. Hazon hunturu ma alheri ne, don yana tausasa haske, sai dai ƙura na shiga kyamara, ka riƙa tafiya da ƙyalle. Na lura jan fenti shi ke fara gudu, baƙi da shuɗi su tsaya, shi ya sa za ka ga talla rabin kalmominta sun ɓace: waɗanda aka rubuta da ja don su fi jan ido su ne suka riga tafiya. Wani lokaci kuma fentin ya tafi gaba ɗaya amma ya bar sawu, saboda ya daɗe yana kare wurin daga ruwa da iska, sai harafin ya ɗan taso sama da sauran bangon. Irin wannan akasin na farko ne, rana yake so, amma ta gefe, da sassafe kafin hantsi ko da la'asar sakaliya, lokacin da kowane ɗan tudu ke jefa inuwa.

Haka zayyanar gidajen ƙasa take. A birnin Zariya, garin Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a a ƙarni na 19, na yini ina zagaya soraye masu zanko. Magina kan zana ado a jikin yaɓe tun yana ɗanye, wasu su bi da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don ruwa kada ya ci. Da azahar ba ka ganin komai sai ja. Ƙarfe biyar na yamma sai dagi ya fito, takobi ya fito, agogo ya fito. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne matsawa kusa in ɗaga waya sama, sai ginin ya fito kamar zai faɗi ta baya. Yanzu ja da baya nake yi iyakar faɗin lungu, in riƙe kyamara a miƙe, in jawo hoton. Kuma uku nake ɗauka: layin gaba ɗaya, sannan bangon, sannan harafi ko zanen kusa-kusa. Na farkon ne mutane ke rainawa, shi ne kuma ke gaya maka inda abin yake bayan an rushe.

Wani ya ba ni shawarar in riƙa watsa ruwa a bango tunda jiƙa na fito da rubutu. A bulo da siminti na gwada da izinin mai wuri, ya yi. A ginin ƙasa kada ka soma.

A wani tsohon gari da ba zan faɗi sunansa ba na sha da ƙyar. Na hango wani soro da zanen keke a saman ƙofa, haske ya yi daidai, na manta da kowa na ɗaga kyamara. Daidai lokacin wata mata ta ɗaga labulen zaure za ta fito. Kafin in sauke hannu samari sun kewaye ni. Wani ya ce ni ne mai sa jan fenti a gidajen da za a rushe, wani ya ce irin masu ɗaukar hoton talauci ne suna kai wa Turawa a ba su kuɗi. Aka tasa ni gaba har ƙofar mai unguwa. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, malamin makaranta ne ni, zanen bango kawai nake ɗauka." Ya karɓi kyamarar, ya sa wani yaro ya yi ta nuna masa hotunan ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga babu komai sai katangu da ƙofofi, ya dube ni ya ce, "Malam, bangon nan da mai shi. Ko rijiya ka zo sha ai ka yi sallama." Na goge hoton da matar ta fito a ciki a gabansu, na ba da haƙuri.

Shi ne kuma ya haɗa ni da mai gidan. Aka shimfiɗa min tabarma a zauren da ɗazu aka kusa dukana a ƙofarsa. Dattijon ya ce mahaifinsa ne ya fara sayen keke a duk layin, Raleigh, da kuɗin gyaɗa, shi ya sa da aka zo yaɓe ya ce magini ya zana masa shi kowa ya gani. Ya shiga ciki ya fito da ƙararrawar keken, ta yi tsatsa amma tana kaɗawa. Da na ɗauki hotona na wuce kamar yadda na yi niyya, da abin da zan samu zanen keke ne kurum.

Tun ranar ba na fara fito da kyamara. In na isa wuri sai in nemi majalisar dattawa ko teburin mai shayi, in yi sallama, in zauna, in sayi goro. Sau da yawa su ne ke cewa, "Ai wannan ba komai ba ne, zo ka ga na bayan masallaci." Shingen jami'an tsaro, bariki, banki da gada kuwa ko kallonsu ba na yi da kyamara a hannu.

Tafiyar da ta fi tsaya min a rai ita ce ta bin layin dogon da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Malam Madori ya ƙare a Nguru. Jirgi ya iso Kano a 1911, wannan reshen ya kai Nguru a 1930, kuma garuruwan da ke kansa da jirgin suka bunƙasa. A can ne na fi ganin manyan sito-sito masu ƙofar ƙarfe, inda ake tara gyaɗa da fata da ƙaro kafin a yi lodi. A nan na gane cewa tsofaffin allunan talla na ƙarfe, masu ƙyalli irin na kwanon sha, ba su ɓace ba, aiki kawai suka sauya. Na ga ɗaya an yi ƙyauren akurkin kaji da shi. Na ga wani a ƙarƙashin kaskon mai ƙosai yana tare iska. Na ce, "Iya, ko za ki bari in ɗauki hoton wannan ƙarfen?" Ta ce in ɗauka, amma ita kada in sa ta, kuma in sayi ƙosai. Na saya na ɗari biyu. Akwai masu bi suna sayen irin waɗannan alluna su kai birni su sayar wa masu tara kayan da. Ni ban taɓa cire ko ƙusa ba. Wani abokina yana ganin wauta ce, tunda 'yan jari bola za su kwashe su kai a narke. Wataƙila yana da gaskiya, har yanzu muna musu.

Hotunan shekarata ta biyu duk sun tafi tare da wayar da aka zare min a aljihu a tasha. Aƙalla bangaye huɗu daga cikinsu yanzu babu su: biyu faɗaɗa titi ya cinye, ɗaya damina ta kayar, ɗaya an yi masa filasta. Yanzu duk daren da na dawo sai na juye a kwamfuta na kuma tura intanet kafin in kwanta, kowane hoto da sunan gari da unguwa da rana.

Bara na koma Fagge na tarar an sayar da siton. Sabon mai shi ya yi wa bangon siminti, an rataya ƙatuwar bana ta masu sayar da waya. Na tambayi Baba tela, aka ce ya rasu da azumi, Allah ya jiƙansa. Sau nawa ina cewa zan zo in naɗi muryarsa yana wannan lissafin na anini da ahu, ban zo ba. Na je na wanke hoton farkon nan, na wayar, wanda ya ɗan karkace, na sa a leda na kai wa mai shayi. Ya liƙa shi a jikin katakon da yake jera gwangwanayen madara. Ina zaune wani ɗan makaranta ya ƙura masa ido ya ce, "Ɗaya ga watan shida aka ɗauka?" Mai shayi bai ko ɗago daga sheƙa shayin da yake yi ba ya ce, "Wane irin watan shida? Sule ɗaya da sisi ke nan."