Ba Ma Yabon Hannun Wasan da Ba Mu Kwance Ba

Aikin ƙaramin kamfaninmu shi ne rubuta labarai da sharhi kan wasannin PlayStation da Xbox da Nintendo, tare da gwada kayan da ake haɗawa da su, wato hannun wasa, wanda ake riƙewa ana sarrafa wasan da shi, da abin sawa a kunne da wayoyi da caja. Ƙa'idarmu tun farko ita ce ba ma yanke wa wasa hukunci sai mun buga shi a kan irin na'urar da mai karatu zai buga shi. Abin da ya faru da wasan Cyberpunk 2077 a Disambar 2020 ya ƙara mana riƙo da wannan ƙa'ida, domin masu sharhi sun gwada na kwamfuta sun yaba, amma da ya isa PlayStation 4 sai ya riƙa sarƙewa yana mutuwa, har Sony, mai ƙera PlayStation, ta cire shi daga kantinta na intanet, bai koma ba sai Yunin 2021.

Sai dai ni ba ta alƙalami na shigo sana'ar nan ba, ta sukundireba na shigo. Hannun farko da maigidana ya miƙo mini na PlayStation 2 ne, kuma a garajen buɗe shi na yaga siririyar ledar da ke ɗauke da layukan maɓallai. Bai yi mini faɗa ba, sai ya ajiye mini matattun hannuwa cike da kwali, ya ce in kwance kowanne in mayar har sai yatsuna sun san inda ake lallaɓawa. A wurinsa na koyi narka dalma ba tare da ƙona allon ba, na kuma koyi sauraren ƙarar maɓalli in gane ko robar ƙarƙashinsa ta gaji.

Wannan horon ne ya sa sharhinmu ya bambanta. Matsalar da ta fi damun masu wasa ita ce sandar analog, wato 'yar sandar da ake juyawa da babban yatsa, ta riƙa jan ɗan wasan da ke cikin allo gefe alhali ba a taɓa ta ba. Dalilin kuwa, a ƙarƙashin sandar akwai ɗan ƙarfe da ke gogar wani siririn layin kabon don auna motsi, kuma yau da gobe layin yakan sule, ƙura ta shiga, na'urar ta fara karanta motsin da babu shi. Akwai wani tsari mai aiki da maganaɗisu, wanda babu abin da ke gogar wani a cikinsa, kuma ba sabo ba ne, tunda Sega ta yi amfani da shi a hannun na'urar wasanta Dreamcast tun 1998.

A nan ne masu jabu suke ba ni takaici. Sun gane cewa mutane na neman mai maganaɗisu, sai su buga hakan a jikin kwali da manyan haruffa, amma idan muka kwance sai mu tarar da tsohon tsarin, shi ma mafi araha. Haka suke kwaikwayon DualSense, hannun PlayStation 5, wanda ya fito a Nuwambar 2020, launi da siffa duk daidai, amma maɓallan baya ba sa taurin nan da ke sa mutum ya ji kamar yana jan baka da gaske. Wayoyin HDMI, masu haɗa na'urar wasa da talabijin, ma haka: a rubuta 2.1 a jikinsu, alamar masu sauri ne, amma da an nemi hoto 120 a sakan ɗaya sai talabijin ta riƙa ɗaukewa.

Wani dillali ya taɓa aiko mana da hannu mai kyau, muka gwada shi mako uku muka yaba, ba da jimawa ba koke ya fara zuwa daga masu karatu. Da muka saya da kuɗinmu muka buɗe, batirin ciki daban, sandar daban. Mun janye sharhin, muka wallafa hotunan cikin hannuwan biyu gefe da gefe, kuma tun daga ranar duk abin da aka aiko mana kyauta sai mun sayi na biyu a kasuwa mun kwance su tare.