Burodin Hartum da Dawar Jazira

Duk wanda ya zauna a Hartum, babban birnin Sudan, kafin yaƙin 2023 ya san cikin mutanen garin a hannun gidan burodi yake. Da safe ful, wato dafaffen wake, da burodi, da dare ma haka, ɗalibi da ma'aikaci da direban raksha (keke mai ƙafa uku) duk abincinsu ɗaya. Alkamar kuwa yawancinta daga waje ake sayo ta da dala, gwamnati ta ɗora tallafi. Da aka ɗaga farashin burodi daga fam 1 zuwa fam 3 a Disambar 2018, garin Atbara ne ya fara tashi, sauran garuruwa suka bi, kafin Afrilun 2019 ya fita mulkin Umar al-Bashir ya ƙare. Ina Hartum a wannan tsakanin ina karatu. Mukan fita bayan sallar asuba mu tarar da layin burodi ya riga ya karya kwana, ga layin mai, ga layin banki, mutum yana da kuɗinsa a ajiye amma ba zai samu ya cire ba.

Karatun aikin gona ya kawo ni ƙasar, don haka sai da ya kai ni Jazira, filin nan da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, kudu da Hartum. Tun 1925 da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar ake noman rani a wurin, fili ne da ya haura fadan miliyan 2 (fadan ɗaya kusan eka ɗaya ne), kuma ruwan da kansa yake gangarowa ba tare da injin ba, daga babbar hanya zuwa ƙanana, har ya kai ga wadda manoma ke kira Abu Ishirin, daga nan ya shiga gonar mutum. Turawan Ingila don auduga suka shimfiɗa shi. Amma manomin da na zauna a gidansa, abin da ya fi ba wa muhimmanci shi ne ɓangaren da yake shuka dawa.

A gidan nan ban ga ana bin layin burodi ba. Uwargida takan jiƙa ƙullin dawa tun dare, da safe ta hura wuta ta shimfiɗa shi siriri a kan faifan ƙarfe da ɗan guntun kaba, kafin ka ƙifta ido ta ɗauke kisra ta jera. Da rana asida, wato tuwonsu, da miyar busasshiyar kuɓewa. Na taɓa tambayar maigidan, na ce, “Baba, me ya sa ba ka ƙara filin auduga ba, tunda ita ke kawo kuɗi?” Ya ce, “Ɗana, auduga sai an auna, an yi lissafi, an cire bashi, sannan in ga abin da ya rage. Dawa kuwa ranar da na yanke ta ta zama tawa.” Mun yi darasi a aji a kan wadatar abinci, da zane da alƙaluma, amma a bakin wannan dattijo na gane cewa abin da ake nufi shi ne hannu nawa abinci ke bi kafin ya iso bakinka. Mutumin Hartum tsakaninsa da abincinsa akwai jirgin ruwa da tashar Port Sudan da banki da injin niƙa. Shi kuwa Baba, ƙofar ɗakin ajiya ce kawai.

Ba na son a ɗauka ina cewa ƙauye aljanna ne, don na ga abin da ya hana ni barci. Ruwan da ke raya gonar shi ne ke kawo sauro da tsargiya, yara suna wanka a ciki, mata suna wanki. Mace ta fara naƙuda da dare, sai an nemo mota zuwa Wad Madani, babban garin Jazira, kuma da damina ƙasar nan baƙa mai danƙo takan riƙe taya har gari ya waye. A birni asibiti na kusa, makaranta na kusa, shi ya sa ban taɓa ganin laifin saurayin da ya tattara ya tafi Omdurman neman abin yi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne unguwannin 'yan ƙwadago da ke gefen gonaki, waɗanda ake kira kambo. A nan na ji ana Hausa. Jikokin mutanenmu ne da suka biyo hanyar Makka a ƙasa, suka tsaya tsinkar auduga don haɗa guzuri, zama ya kama su. Akwai kuma waɗanda kakanninsu suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Na kambo da yawansu sun yi shekaru masu yawa suna noma ƙasar amma ba su da ko taku ɗaya nasu na kansu. Kwanciyar hankalin da na gani a gidan Baba ba ta kai gare su ba, domin ita ta mai gona ce. Talakan ƙauye marar ƙasa, wallahi, ya fi talakan birni shan wuya, don shi ko layin da zai bi babu.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, na riga na dawo gida. Mutanen Hartum suka kwarara Wad Madani da ƙauyukan Jazira, gidajen da 'ya'yansu suka bari suka cika da baƙi, aka buɗe dawar ajiya aka ciyar da su. A Disambar 2023 ɗin yaƙin ya iso Wad Madani, ya shiga ƙauyukan ma, aka kwashe hatsi da dabbobi, aka bar gonaki ba mai ba su ruwa.

Yanzu da manoman rani nake aiki a nan gida. In na shiga ƙauye, kafin in buɗe baki a kan iri ko taki, nakan fara tambayar wa ke da gonar, wa ke haya, wa ke ƙwadago, sannan buhu nawa ake ajiyewa don ci kafin a kai saura kasuwa.