Rabuwa da tramol a Damagaram

A Damagaram, idan matashi ya kamu da shan tramol ko giya, iyaye sukan fara kai shi wurin malami don rubutun sha da ruƙiyya, kuma ban raina wannan hanya ba, domin tana kwantar da zuciya. Sai dai jikin da ya daɗe da sabo yana buƙatar likita, saboda yanke giya dare ɗaya kan jawo makyarkyata har da farfaɗiya, tramol kuma a hankali ake rage shi. Ɗaure mutum da mari kuwa azaba ce kawai. Abin da aka fi sakaci da shi, a ganina, shi ne sauya masa fadar da yake zama, wato majalisar hirar samari, tare da koya masa sana'ar da za ta cika masa yini.