Sefa 125 da suka hana ni barci a Garwa

Ƙannena masu koyon Python, ku matso ku ji wautar yayanku.

Wani Alhaji mai shagon kayan gini a Garwa ya sa ni rubuta masa manhajar fitar da rasit. A ciki akwai fanshin ɗaya, `jimla(kudi, haraji=TVA)`. TVA, wato harajin saye (VAT), na sa mata 0.1925, tunda harajin Kamaru kashi 19.25 ne. Da ɗansa zai buɗe reshe a Njamena, inda a lokacin ake karɓar kashi 18, na ce bari in gwada tukuna. Na sa `patch`, mai sauya ƙima na ɗan lokaci a gwaji, ya mayar da TVA 0.18, na shigar da kayan sefa 10,000. Ina jiran 11,800, sai ga 11,925. Na sake, ba sauyi. Har aka kira asalatu ina zargin kwamfutata, baiwar Allah ba ta ci ba ta sha ba.

Ashe Python sau ɗaya yake karanta ƙimar asali, wato irin TVA ɗin da ke `haraji=TVA`, lokacin da ya iso layin `def`, sai ya adana ta a `__defaults__`. In sukari ya riga ya narke a shayi, ko ka sauya na cikin gwangwani, kofin yana nan yadda yake.

Da na gano haka sai kaina ya kumbura. Na rubuta `jimla.__defaults__ = (0.18,)` a cikin gwajin, ya wuce, na tashi ban mayar da ita ba. Gwaje-gwajen Kamaru da ke biye suka yi ja, wato suka faɗi. In na kunna kowanne shi kaɗai lafiya lau, in na haɗa su sai rigima. Abin kunyar, maimakon in bi sawu, na sauya amsar biyu daga cikinsu zuwa 11,800 don su yi shiru.

Ku kam, ku miƙa ƙimar kai tsaye, `jimla(10000, haraji=0.18)`, shi ke nan. In fanshin ɗin naku ne, ku sa `haraji=None`, ya karanta TVA a cikin jikinsa duk lokacin da aka kira shi, a nan `patch` zai kama. In kuma dole sai kun taɓa `__defaults__`, ku bar `monkeypatch.setattr` na pytest, manhajar gwaji, ya yi, shi yana mayar da kaya inda ya ɗauko bayan gwaji. Ƙimomin asali da ke bayan alamar tauraro (`*`) a layin `def` kuwa a `__kwdefaults__` suke.

Ni dai asirina ya tonu ne ranar da abokin aikina ya karanta gwajin, ya ɗago kai ya ce, "Malam, yaushe Kamaru ta rage haraji ban ji a rediyo ba?"