Naman kosha da waken Aboabo

Ɗan yayata da ke Amurka ya kira ni ta WhatsApp daren Juma'a, wai kawu unguwar da na koma babu mahaucin Musulmi kusa, sai shagon Yahudawa mai naman kosha, wato wanda ya halatta a dokar addininsu, in saya? Na ce masa saya abinka, ai aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, kuma yankansu na gaske ne, mutum ne da ya koyi aikin yake yi da wuƙa mai kaifi wadda ko tsaguwa babu, bayan nan su jiƙa naman su barbaɗa masa gishiri don jinin ya fita. Alade kuwa mu da su duk ba a maganarsa.

Amma fa na ja masa kunne sosai, don nan ne yaranmu ke zamewa. Ganin tambarin kosha a jikin kwali ba ya nufin halal. Su giyar inabi ta halatta gare su, har a daren Asabar ɗinsu suna sa mata albarka, to alewa ko kek ko miyar kwalba na iya zama kosha alhali da giya ciki. Sai ka karanta abin da aka haɗa, na ce masa.

Washegari ina cin wake da shinkafa a unguwar Aboabo nan Gana sai na tsaya ina kallon farantin, wallahi Bayahude mai kiyaye dokarsa ba zai iya taɓa shi ba. Shito, wato miyar yajin da ake sa wa abincin, akwai jatan lande ciki, su kuma abin ruwa sai kifi mai ɓawo da fiffike, don haka tarwaɗa da ƙaguwa duk sun fita, mu Malikawa kuwa abin teku ba mu da matsala da shi. Ga wagashi, wato cukun nono, kusa da nama, su ba sa haɗa nama da nono ko kaɗan, tukunya daban cokali daban, wasunsu ma sai awa 6 ta wuce bayan nama kafin su sha madara. Ka ci cicinga, wato tsire, ka kora da fura da nono kamar yadda muke yi da yamma, wannan babu. Raƙumi ma haramun ne gare su saboda kofatonsa ba rababbe ba ne duk da yana tuƙa, zomo ma ba sa ci.

Kuma ba nesa suke ba, a Sefwi Wiawso nan Gana akwai al'umma masu bin addinin Yahudanci. Ina son wata rana in je in ga yadda matansu ke girki.