Abin da aikin haɗa ƙararrawar mota ya koya min game da mazaunin sensar jijjiga

A duk abin da aka koya mana a sana'ar wutar mota, babu wanda ya fi ci min rai kamar ƙa'idar nan da manya ke miƙa wa yaransu ba tare da bayani ba: wai ka ɗaure sensar jijjiga, wato 'yar na'urar da ke jin an bugi mota ta tayar da ƙararrawa, tamau a ƙarfen sitiyari, ka murɗa sukurunta na saita ƙarfin ji har ƙarshe, ka mari gilashin gaba, jiniya ta ɗauki kuka, shi ke nan aiki ya kammala. Yaron da ya tambayi dalili akan ce masa ya cika surutu. Ranar da motar ta dawo kuma, mai ita na faɗa don ta hana unguwa barci, yaron da ya ɗaura ake ɗora wa laifin, ba a tuna wanda ya ce ya yi hakan. Na daɗe kafin in gane cewa sukurun nan ba ya gyara mummunan mazauni, iyakarsa ya sauya wa matsalar kama.

Ga yadda abin yake faruwa. Ƙarfen da ke riƙe da sitiyari, da babban ƙarfen da ya ratsa bayan dashbod daga wannan gefe zuwa wancan, suna cikin wuraren da suka fi tauri a jikin mota. Idan aka bugi but ko ƙofar baya, kafin jijjigar ta iso can, kujeru da kafet da robobin ƙofa da abin da aka shafa wa ƙarfe don rage ƙara sun shanye mafi yawanta, ragowar kuma ba ta isa ta motsa ƙarfe mai kauri irin wannan ba. Sensa tana zaune shiru kamar ba a taɓa motar ba. Mai haɗawa ya ga baya ba ya ji, sai ya ƙara ƙarfi. Bayan motar ya fara ji kaɗan, amma gaba ya zama kamar ɗanyen ciwo, ko ƙuda ya sauka sai ihu. Tirela ta wuce, kuka. Babur mai fasasshiyar salansa ya wuce, kuka. Aka yi tsawa, kuka. Bayan mako guda mai motar ya gaji, ya daina kunna ƙararrawar gaba ɗaya, ko ya sa a cire wayar sensar. Wannan ne ya fi min ciwo, domin mutum ya ba mu amanar motarsa, mun mayar masa da ita ba tsaro, yana ɗauka na'urar ce ba ta da kyau.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba. Wasu na'urorin, idan sashe guda ya tayar da ƙararrawa sau 3 cikin awa guda, sukan daina sauraronsa na tsawon awa guda don kada su dami jama'a. Ke nan sensar da ke kukan banza ita da kanta take kashe kanta, kuma a daidai lokacin ne ɓarawon da ya san aiki zai matso.

Sensa iri-iri ce, kuma a nan ake raba gari. Akwai mai ɗan maganaɗisu da ke lilo kusa da naɗaɗɗiyar waya, akwai mai faifan fiyezo wanda ke fitar da 'yar wuta idan ya lanƙwasa. Wasu an ƙera su ne don a ɗaure su da kusa a kan ƙarfe, in ka ɗora su a wuri mai laushi sai su kurumce. Wasu kuwa, musamman masu mataki biyu da ke yin gargaɗi kafin cikakken kuka, kamfanoninsu kan ce a ɗaura su a kan damin wayoyi ko a manna su a bututun iska na roba, har ma su ja kunne cewa ɗaurawa a sitiyari na rage jin abin da ya faru a bayan mota. 'Yar takardar da ke cikin kwali, wadda akan jefar tare da leda, ita ce ke faɗa maka wace iri ke hannunka. Minti biyu ya isa a karanta ta.

Idan ta dami ce, dalilin da ya sa take aiki a can shi ne damin wayoyi yana ɗan rawa. An riƙe shi a jikin mota ta wurare da yawa, don haka duk inda aka buga, jijjigar takan biyo shi, shi kuma ya ɗan yi lilo da sensar. Hakan ke sa gaba da baya su ji kusan daidai ba tare da an ƙure sukuru ba. Sai dai ba kowane dami ba. A nemi mai kauri, kamar babban yatsa ko fiye, wanda aka maƙale a jikin mota ta ɓangarori biyu, a ɗaura a tsakanin maƙalan. Siriri mai reto ba ya tsayawa da rawa, iska ta kaɗa motar ma sai ya tayar da ita. A sa igiyar roba mai haƙora guda 2, a ja har sai sensar ta daina juyawa idan an murza ta da yatsa, a yanke jelar. Igiya guda ɗaya takan bar ta tana karkata, bayan wata biyu saitin da ka yi ya tashi aiki.

Damin da ke da rawayar riga ko rawayen soket kada hannu ya kai gare shi, na jakar iskar nan ne da ke kare mutum lokacin haɗari. Damin wayoyin makunnin mota ma a guje shi, saboda wuta mai yawa ke bi ta cikinsa. Mai maganaɗisu kuma a nisanta ta da injin fankar cikin mota, da rile (ɗan makunnin da wuta ke kunnawa da kanta), da bayan lasifika, aƙalla taƙi guda, in da hali fiye. Akwai motocin da fanka ko wani rile ke ci gaba da aiki na ɗan lokaci bayan an kashe inji, wannan kaɗai ya isa ya sa ƙararrawa kuka mintuna kaɗan bayan mai mota ya juya baya.

Wurin da na fi yarda da shi shi ne ƙarƙashin dashbod wajen tsakiya, bayan rediyo ko kusa da shi, domin nisan hagu da dama ya zo ɗaya. Wanda ya maƙale ta can gefen ƙafar direba zai ga ƙofar direba na ji sosai, ta fasinja kuwa sai an yi mata dukan kawo wuƙa. A juyo fuskar sukurun da 'yar fitilar da ke jikin sensar zuwa inda ƙaramar sukurudireba za ta shiga, ido kuma ya gani, ba sai an sake kwance dashbod ba. A duba birki da kuloci da totur, a taka kowanne har ƙasa, a ɗaga sitiyari a sauke in mai motsi ne, a tabbata babu abin da ke shafar sensar ko wayarta.

In za a manna ta a roba da salatif mai manne fuska biyu, a goge wurin da sifirit ya bushe tukuna, kuma a zaɓi roba mai kauri da aka ɗaure da kusa. Faffaɗar roba mara kauri tana buɗewa da zafin rana, da yamma ta tsuke tana ƙas-ƙas, sensa kuwa ba ta san bambancin wannan da bugun hannu ba. Motar da ke kuka kullum a daidai faɗuwar rana, nan za a fara dubawa.

Gwaji shi ne inda gaggawa ke cin mutane. A mayar da duk robobin da aka cire kafin gwajin ƙarshe, don mota a kwance da mota a haɗe ba iri ɗaya suke ɗaukar jijjiga ba. A rufe gilasai da ƙofofi da bonet, a fara da sukuru a ƙasa da rabi, a kunna da rimot, a jira kamar daƙiƙa 30, domin na'urori da yawa ba sa sauraron sensa nan take. Daga nan a zagaya da gefen dunƙule, ana bugun ginshiƙan ƙofa inda ƙarfe ba zai lotsa ba, gaba hagu, gaba dama, baya hagu, baya dama, sannan murfin but. Bugu mai sauƙi ya kawo 'yan ƙararrakin gargaɗi, mai ƙarfi ya kawo cikakken kuka. A ƙara ko a rage kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin 8 na zagaye, a kashe a sake kunnawa kowane karo. Sukurun roba ne kuma ba ya cika zagaye, wanda ya matsa masa a ƙarshe zai karya shi. Idan gaba na kuka da ɗan taɓi baya kuma ya ƙi ji, a ajiye sukurudireba, a yanke igiyoyin, a sauya wuri. Sau biyu ko uku ana sauyawa ba abin kunya ba ne. Motar da aka yi wa haka ba ta cika dawowa ba, kuma da wannan nake auna aikina.

Shurin taya ba gwaji ba ne, roba da iska da sifirin sun shanye shi.

Sauran darussan gajeru ne. Sensa ba ta shiga ɗakin inji, zafi da ruwa za su kashe ta. Kada ta zauna ƙarƙashin magudanar ruwan na'urar sanyaya mota ko a kan daɓe. Wayar at, wato wadda ake haɗawa da ƙarfen jikin mota, idan aka ɗaure ta a kan fenti, ko batir mai rauni, kan kawo kukan da za a ɗora wa sensa laifinsa, don haka a kankare fenti har ƙarfe ya fito, a auna batir kafin a taɓa saiti. Idan sensar tana cikin akwatin na'urar ne, duk abin da na faɗa ya koma kan akwatin, kada a cusa shi cikin soso a bar shi yana yawo. A akori-kura, ɗakin direba yana zaune a kan robobi daban da bayan, sensa guda ba za ta ji duka biyun ba, in an ƙara ta biyu a sa dayod, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a wayar siginar kowacce don kada su shiga wa juna. Wanda ke tsoron a ɗaga masa mota da jak a kwance taya, sensar karkata zai ƙara, domin ɗagawa a hankali ba ta haifar da jijjigar da wannan za ta ji.