Kwana 101: Lissafin Kiwon Zomo a Zafin Garwa

A watan Oktoba ɗan ƙanwata ya same ni ina yayyafa wa harawar gyaɗa ruwa, ya durƙusa ya ce, "Kawu, bana ina so in kai zomaye baje kolin noma da kiwo." Da na tambaye shi ranar da aka yi wa macen barbara, sai ya sunkuyar da kai, domin tana nan a kejinta ba ta taɓa ganin namiji ba. Na ce masa bana ta wuce shi, kuma abin ya taɓa ni, saboda yaron yana da himma.

Baje kolin da muke kira komis tsohon abu ne a Kamaru. An yi na ƙasa baki ɗaya a Marwa a 1988, aka sake yin wani a Ebolowa a 2011, ga kuma ƙanana da ake yi a yankuna gab da ƙarshen shekara. A Amurka, matasan 4-H, wata ƙungiya mai koya wa yara noma da kiwo, kan kai baje koli zomaye uku 'yan jinsi ɗaya waɗanda ba su wuce mako goma ba, alƙali kuma ya duba cikar namansu da yadda girmansu ya zo daidai. Wannan ma'aunin nake so yaranmu su riƙe, domin shi ne abin da mai gidan abinci zai nema gobe. Zomanya tana ɗaukar ciki kwana 31, 'ya'yan kuma suna buƙatar kwana 70, wato mako goman nan, jimilla kwana 101 ke nan. Wanda yake son fita da kaya a tsakiyar Disamba, dole ne ya yi barbara a farkon Satumba.

Allah ya sa wannan lissafin ya dace da yanayinmu, domin 'ya'yan za su taso da kaka, lokacin da harawar wake da ta gyaɗa suka wadata, su kuma yi ƙiba a sanyin hunturu. Bazara ce abin tsoro. Zomo ba ya gumi kamar mutum, ta kunnuwansa da numfashinsa yake fitar da zafi, kuma da zarar zafi ya haura digiri 30 sai ya rage cin abinci, namiji ma ƙarfin haihuwarsa ya ja baya. A Garwa kuwa Maris da Afrilu kan wuce 40. Shekarar da na fara, na jera kejina a ƙarƙashin rufin kwano, wata rana da azahar na tarar da uwa mai tsohon ciki ta miƙe, bakinta a jiƙe, kunnuwanta sun yi ja, kafin la'asar ta mutu. Tun daga ranar na koma gindin darbejiya, na yi rumfar zana, ina rataya jiƙaƙƙun buhuna ta inda iska ke shigowa, na kuma daina barbara daga tsakiyar Fabrairu har ruwa ya sauka. Mutanen Ngawundare, da suke kan tudu mai sanyi, sun fi mu sauƙi a nan.

Batun iri kuwa, farin New Zealand da Californian su ne aka fi sani da nama a duniya, amma ni na fi amincewa da 'ya'yan da aka samu tsakaninsu da zomayen gida, saboda juriya. Mace ake kaiwa kejin namiji, domin idan aka kawo mata shi tana iya yi masa rauni. A kwana na 28 a sa mata akwatin haihuwa da busasshiyar ciyawa, za ta tsige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa. 'Ya'yan suna zuwa tsirara, idanu a rufe har kusan kwana goma, uwar kuma sau ɗaya take shayar da su a yini, don haka kada yaro ya ɗauka ta ƙi su. Ni a mako na biyar ko na shida nake yaye.

Abin da ke karya mai kiwon sayarwa shi ne zawo bayan yaye, da ƙazwar kunne, da haɗa uba da 'yarsa shekara da shekaru har iri ya lalace. Ɗanyen ganyen dankalin Hausa ko zogale nakan bar shi ya yi yaushi kafin in ba su tare da dusa, ina kuma taka-tsantsan da tunkuzar auduga duk da arharta a nan, saboda gubar da ke cikin ƙwayar auduga. Masu saye da suke ƙyamar naman nakan tuna musu cewa halal ne a mazhabobi huɗu.

Yaron ya sayi littafin rubutu, ya ja layi ga kowace uwa: ranar barbara, ranar haihuwa, adadin 'ya'ya, da nauyinsu a sikeli duk Juma'a. Jiya na ga ya rubuta 5 ga Satumba a bangon ciki, ya kewaye ta da jan biro.